Kifin Kote: Daga Ina Yake Zuwa, Kuma Me Ya Haɗa Shi Da Mai Kiwo?

Jama'a, duk wanda ya shiga layin masu kifin ƙanƙara ya san kote. Amma da yawa suna ɗauka shi da titus abu ɗaya ne. A'a, danginsu ma daban ne.

Kote kifin teku ne, ba ya rayuwa a kogi ko a kududdufin kiwo. Masana suna kiran jinsinsa Trachurus, kuma irinsa sun haura goma. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka shafa gefen jikinsa: za ka ji layin ɓawo mai tauri da kaifi har zuwa wutsiya. Shi kuwa titus jikinsa sumul ne, da zane-zane baƙaƙe a baya, kuma ya fi kote maiƙo.

Kote yana yawo ne garke-garke, yana cin ƙananan halittun ruwa da 'yan kifaye. Ana kama shi da yawa a gaɓar Namibiya da Angola da Mauritaniya, da tekun Turai, da Japan, da Chile.

To, me ya shafi manomi? Garin kifi. Da kote da ire-irensa ake yin wannan gari da ke shiga abincin tarwaɗa da kaji, kuma mai kyansa yana da furotin kashi 60 cikin ɗari ko fiye. A 1995 Chile ta kama kote sama da tan miliyan 4, yawanci don yin gari. Daga baya kifin ya yi ƙasa sosai, sai da ƙasashe suka sa iyaka a kan kamun kafin ya farfaɗo. Kifi in ya yi ƙaranci a teku, buhun abinci ne ke tashi a nan.

Shawara ga ƙungiyoyi:

1. In za ku sayi garin kifi, ku zuba kaɗan a kofin ruwa ku motsa. Yashi zai kwanta a ƙasa.
2. Ku guji garin da ya dunƙule ko yake warin ruɓa.
3. Masu banda, kar ku karɓi kwalin da ya narke aka sake daskarar da shi. Ƙanƙara mai jini da nama mai laushi su ne alama.
4. Ku rage dogaro da garin kifi, ku haɗa da soyayyen waken suya da ƙuli-ƙuli.

Kafin ku canza haɗin abinci, ku tuntuɓi malamin gona na yankinku. Allah Ya ba da sa'a.