Nasiya: Ba da Magani ta Hanci a Likitancin Gargajiya na Indiya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata hanya ta ba da magani a Ayurbeda, watau likitancin gargajiya na ƙasar Indiya. Sunan wannan hanya Nasiya, kuma tana ɗaya daga cikin ayyuka biyar na tsarkake jiki waɗanda ake kira Pancakarma. Tsofaffin littattafan Caraka da Sushruta da Bagbata duk sun yi bayaninta.

Dalilin Zaɓen Hanci

Masanan Ayurbeda sun ɗauki hanci a matsayin mashigar kai. Saboda haka da Nasiya suke tunkarar cututtukan da ke sama da kafaɗa, kamar ciwon kai da toshewar hanci da sanƙarewar wuya. Caraka ya kasa ta gida biyar, kuma a cikinsu akwai ɗiga mai, da matsa ruwan ganye, da hura garin magani ta bututu, da shaƙar hayaƙi.

Yadda Ake Yi

Da farko ana shafa wa majiyyaci mai a fuska da wuya, a yi masa surace. Daga nan ya kwanta rigingine, kansa ya ɗan rankwafa baya, sai a ɗiga masa man riɗi ko man shanu mai ɗumi wanda aka dafa da magunguna. Abin da ya gangaro maƙogwaro tofarwa ake yi, sannan a kurkure baki da ruwan ɗumi. Bagbata ya ƙayyade ɗigo 6 ko 8 ko 10 a babban aiki, ɗigo 2 kuma a na yau da kullum. An hana babban aikin ga yaron da bai kai shekara 7 ba, da tsohon da ya haura 80, da mai juna biyu, da wanda ya gama cin abinci yanzu.

Kammalawa

Binciken zamani ya tabbatar da cewa cikin hanci cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, don haka wasu magunguna kan shiga jini da sauri ba tare da sun fara bi ta hanta ba. A 2015 Amurka ta amince da feshin hanci na naloksan domin ceto waɗanda ƙwaya ta sumar. To amma wannan bai zama shaidar kowane magani na Nasiya ba, kuma man da ya zarce zuwa huhu yana haddasa kumburinsa. A nan ne hikimar ƙayyade ɗigo da tofarwa ta bayyana, abin da ya kamata masu nazarin maganin shaƙe a ƙasar Hausa su lura da shi.