Wane Tsohon Jirgin Yaƙi Ne Zai Fito A Kwali Nan Gaba?

A wannan makon mun kawo muku bayani kan wata sha'awa da mutane da yawa suke yi a ƙasashen waje, wato haɗa ƙananan jiragen sama na roba. Mun fara jin labarinta ne a wurin malaminmu na lissafi, ranar da yake koya mana darasin ma'auni. Ya nuna mana hoton wani ɗan jirgi a wayarsa, muka rantse na gaske ne, sai da muka ga hannun mutum a gefensa.

Mene ne jirgin haɗawa?

Ba irin jirgin wasan da ake sayo wa yara da salla ba ne. Shi wannan a wargaje yake zuwa cikin kwali. Za ka tarar da fukafukai daban, farfela daban, tayoyi daban, har kujerar matuƙi daban. Kai ne za ka yanko su ɗaya bayan ɗaya, ka manna da gam, ka yi fenti, sannan ka liƙa tambarin ƙasar da ta mallaki jirgin. Ba ya tashi. Ajiye shi ake yi don kallo da kuma tuna tarihi. Kamfanin Airfix na Ingila yana cikin waɗanda suka daɗe a wannan sana'a, domin tun a shekarun 1950 yake yin su.

A jikin kowane kwali akwai lamba kamar 1/72 ko 1/48 ko 1/32. Ma'anar 1/72 ita ce an rage jirgin gaske sau 72. Ga misali. Jirgin Ingila mai suna Sopwith Camel, wanda ya shiga yaƙi a 1917, faɗin fukafukansa mita 8.53 ne, wato santimita 853. In ka raba da 72 za ka samu kusan santimita 12. In ka raba da 48, kusan 18. In ka raba da 32, kusan 27. Ka ga ke nan, duk lokacin da lambar ƙasa ta ragu, ɗan jirgin girma yake yi. Da yawa daga cikinmu mun faɗi wannan tambaya a aji.

Su wane ne jiragen farko?

'Yan uwan nan biyu na gidan Wright sun tashi jirginsu a Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, kuma tashin farko daƙiƙa 12 kawai ya yi. Ba a cika shekara takwas ba sai ga jirgi a fagen fama. A 1911 sojojin Italiya suka jefa bam daga jirgin sama a Libiya. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke daga 1914 zuwa 1918, sai ƙasashe suka shiga gasar ƙera su.

Yawancin jiragen wancan lokaci da katako aka yi ƙashinsu, aka rufe da yadi, aka ɗaure da wayoyi. Da yawa fukafukansu hawa biyu ne. Akwai ma mai hawa uku, kamar Fokker Dr.I na Jamus, irin wanda matuƙi Manfred von Richthofen yake ciki ranar da aka harbe shi, 21 ga Afrilu, 1918. Waɗannan wayoyi su ne suka fi ba masu haɗawa wahala, domin sai sun bi su ɗaya ɗaya da siririn zare irin na kamun kifi.

Me ya sa ake hasashe?

Kafin sabon jirgi ya fito a kwali, sai kamfani ya auna na gaske ko ya nemo zanensa na asali, ya zana shi a kwamfuta, sannan a sassaƙa mazubin ƙarfe da za a riƙa zuba narkakkiyar roba a ciki. Wannan mazubi yana cin kuɗi sosai, kuma aikin yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Saboda haka kamfani ba ya son faɗin abin da yake shiryawa da wuri, kada wani ya riga shi kasuwa. Shirun nan ne yake sa masu sha'awa su yi ta canke-canke. Mun lura da hanyoyi huɗu da suke bi.

Na ɗaya, suna jiran manyan bukukuwan baje koli. Akwai na kayan wasa a birnin Nuremberg na Jamus a farkon shekara, da na Shizuoka a Japan a watan Mayu, da na Telford a Ingila a watan Nuwamba. A irin waɗannan wurare kamfanoni sukan nuna sabon abu.

Na biyu, suna leƙa cikin kwalin da ya riga ya fito. In suka ga wani injin ko wata bindiga da takardar umarni ta ce kada a yi amfani da su, sai su ce lallai akwai ƙanen wannan jirgi a hanya, tunda kamfani yakan yi mazubi ɗaya ya fitar da iri biyu ko uku.

Na uku, suna duba kalanda. In wani jirgi ko wani yaƙi ya kusa cika shekara 100, sai su sa rai.

Na huɗu, suna duba giɓi, wato sanannen jirgin da ba a taɓa yi ba a wani ma'auni, ko wanda aka yi tun da daɗewa har ya tsufa.

Sai dai kowace hanya tana iya ɓatar da mutum. Wani lokaci abin da mutum yake so ne kawai yake mayarwa labari.

Abin da ya faru a 2020

Akwai wani kamfani a ƙasar New Zealand mai suna Wingnut Wings, mallakar Peter Jackson, mai shirya finafinai. Ya fara sayar da kayansa a 2009, kuma ya yi suna wajen jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya a ma'aunin 1/32. Kamfanin ya sanar cewa zai fitar da ƙaton jirgin jefa bam na Handley Page, wanda faɗin fukafukansa ya kai mita 30. A 1/32 wannan kusan santimita 95 ke nan, ya kusa cika bencin mutum biyu. Mutane suka yi ta jira suna tara kuɗi. A 2020 kamfanin ya rufe ba tare da ya fitar da shi ba.

A shekarar ne kuma wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Meng ya fitar da Fokker Dr.I a 1/32, jirgin da shi ma Wingnut Wings ya yi alkawarinsa. Daga baya wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin da ya rufe suka buɗe nasu mai suna Kotare. Masu son jiragen katako da yadi suka ɗora rai, amma abin da ya fara fitowa Spitfire ne, na Yaƙin Duniya na Biyu.

Mu 'yan kulob ɗin jarida mun ɗauki darasi a nan. Labari hawa uku ne: jita-jita, sanarwa, da abin da ya riga ya faru. Ko sanarwa ma ba kwali a hannu ba ce. In za mu rubuta a wannan bango, dole mu faɗi a wane hawa labarinmu yake.

Jirgin da ya shafe mu

Da za a tambaye mu, DH.9A muke so a sake yi, mai araha. Ga dalilinmu. A ƙarshen Oktoba 1925 jirage uku irinsa na sojojin saman Birtaniya suka taso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Chadi, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Wingnut Wings ya taɓa yin DH.9A, amma tunda ya rufe sai dai a nema a hannun waɗanda suka saya tun da farko. Wannan burinmu ne kawai, ba mu ce wani kamfani yana shirya shi ba.

Gaskiya ko ya fito ba mu da kuɗin saye, kuma ba mu taɓa ganin irin kwalin a kasuwarmu ba. Amma dukkanmu mun iya motar kara tun muna firamare. Don haka muka yanke shawarar yin namu. Faɗin fukafukan DH.9A mita 14 ne, tsawonsa mita 9.2. A 1/32, fiffike zai zama santimita 44, gangar jiki kuma 29.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Mun tokare fiffiken sama da tsinken tsintsiya, muna ɗaga shi ya rufta. Yanzu tsinken tsire za mu gwada, mu ɗaure da zaren ɗinki a gicciye kamar yadda wayoyin na gaske suke. Muna so mu gama kafin ranar raba sakamako, mu ajiye shi a ƙarƙashin wannan allo tare da lissafinsa.

Muna neman kara busasshe, kwalin taliya wanda bai jiƙe ba, gam, da murafen kwalba shida na tayoyi, domin jirage uku muke fatan yi kamar yadda suka zo. Duk mai taimako ya same mu ranar Laraba lokacin tara.

Tambayar mako: in aka yi DH.9A a 1/72, santimita nawa fiffikensa zai zama? Ku rubuta amsa da ajinku ku jefa a akwatin kulob. Za mu liƙa sunan wanda ya fara cinkewa a fitowa ta gaba.

Daga wakilan aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida.