Jirgi Ba Ya Ba da Labarin Kansa

Akwai masu cewa gidan tarihin jiragen sama ba ya buƙatar ɗakin karatu, balle a riƙa kashe kuɗi wajen sayo sababbin littattafai. Hujjarsu ita ce gani ya kori ji: ga jirgi a gabanka, me takarda za ta ƙara maka? Ban raina maganar ba. Duk wanda ya shiga gidan tarihin Smithsonian a birnin Washington, ya tsaya gaban jirgin Wilbur Wright da ƙanensa Orville, ɗan abin nan na katako da yadi da waya, da wuya ya yarda a ja shi zuwa wajen kantar littattafai.

Sai dai shi kansa jirgin da karatu aka fara shi. Ranar 30 ga Mayu, 1899, Wilbur, mai shagon kekuna a garin Dayton, ya rubuta wa Smithsonian wasiƙa yana neman abin da aka wallafa kan tashi sama. Aka aiko masa da ƙasidu da sunayen littattafai, har da na Octave Chanute. Shi da Orville suka duƙufa, suka gwada alƙaluman Bajamushe Otto Lilienthal, lissafi ya ƙi fita, sai a 1901 suka haɗa akwatin hura iska suna auna ƙananan fikafikai da hannunsu. Tashin daƙiƙa 12 da suka yi ranar 17 ga Disamba, 1903, daga nan ya samo tushe.

Wani zai ce ai ɗan allon bayanin da ke gefen jirgi ya wadatar. To, allo ma yakan yi kuskure. Smithsonian ta shafe shekaru tana nuna na'urar tsohon shugabanta, Samuel Langley, a matsayin ta farko da ke iya tashi da mutum. Ran Orville ya ɓaci, ya tura jirginsu Landan a 1928. Sai a 1942 cibiyar ta janye maganarta a rubuce, jirgin ya dawo gida a 1948.

Batun sababbin littattafai kuwa, dubi matuƙan Tuskegee, baƙaƙen fatar Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu. An daɗe ana yaɗa cewa ba su taɓa rasa jirgin jefa bama-bamai ko ɗaya ba cikin waɗanda suka yi wa rakiya. Masanin tarihi Daniel Haulman ya bi rahotannin yaƙin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga 27 da jiragen abokan gaba suka harbo. Jarumtarsu tana nan daram, don adadin bai kai na takwarorinsu ba, kuma a ganina gaskiyar ta fi yi musu ado. Amma ɗakin karatun da ya daina sayen littafi kafin wannan bincike, har gobe tsohon zancen zai miƙa wa ɗalibi.

Saboda haka, masu cewa gani ya kori ji, a yi haƙuri a bar kuɗin littattafan nan a cikin kasafi.