Me Ya Sa Dagin Arewa Ba Ya Zanuwa da Madubi?

Mai haɗa katin biki a Dayi ko Malumfashi ba sai ya zana fure gaba ɗaya ba. Tun 2018 CorelDRAW ke da Symmetry: ka zana rabi, manhajar ta cike ɗaya rabin kamar madubi. Kowane ɗigo na dama sai ya samu takwara a hagu, tazararsu ɗaya daga layin tsakiya.

Amma gwada hakan da Dagin Arewa ka gani. Shi saƙa ne: zare ya hau nan, ya bi ta ƙarƙashi can. Madubi kan juya wannan tsari, sai zare ya hau sau biyu a jere, saƙar ta lalace. Maimakon haka, kwafi rabin ka juya shi digiri 180 a kan tsakiyar zanen.