Tafiyar Bazara da Ƙananan Yara: Cinyar Uwa Ba Kujera Ba Ce

A 'yan shekarun nan Sallah tana faɗowa ne cikin bazara, ga kuma hutun makaranta na watan Afrilu. Lokacin ke nan da ma'aikaci a Abuja ko ɗan kasuwa a Legas yake kwasar iyali ya nufi gida, Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, don kakanni su ga jikoki. Ana shirya wa tafiyar nan sosai: ɗinkin yara, tsarabar Hajiya, buhun shinkafa a but. Abin da ba a cika zama a tattauna ba shi ne inda kowane yaro zai zauna, da yadda zai kwashe da zafin da yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Abin takaicin kuma, yawancin abubuwan da ke cutar da yara a hanya, iyaye don tausayi suke yin su.

Mu fara da gidan gaba. Maigida na riƙe da sitiyari, uwargida na gefensa da jinjiri a cinya, wai nan ne iskar esi ta fi bugawa, kuma in ya yi kuka sai a ba shi nono. Ta rungume shi tsam, hankalinta kwance. To, motar da ke gudun kilomita 50 kacal a awa, idan ta yi karo ta tsaya nan take, daidai yake da mutum ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato saman bene mai hawa uku. Babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a wannan hali, komai ƙaunarta. Fizge shi za a yi, ya bugi gilashi. In motar tana da jakar iska, ita ma fitowa take da ƙarfin da aka auna don ƙirjin babban mutum, ba don kan jariri ba. Wasu iyayen sukan ɗaura bel ɗaya ya zagaye su tare da yaron, suna ganin sun yi dabara. Wannan ya fi muni, domin nauyin babban ne zai matse yaron a jikin bel ɗin.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana nanata cewa yaron da bai kai shekara 12 ba gidan baya ne wurinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen ajalin masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce kujerar yara ta cikin mota tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. Wani zai ce kujerar tana da tsada, ko kuma kayan Turawa ce. Mutumin da ya sayi mota, ya cika tanki a farashin man yau, ya yi wa yara ɗinki kala uku, da wuya a ce kujera ce ta gagare shi. Ta jinjiri ana ɗaure ta ne tana kallon baya, saboda wuyansa bai yi ƙwari ba. Yaron da ya ɗan tasa ana ɗaga masa mazauni don bel ya bi ta kafaɗa da ƙugu, kada ya shaƙe wuya ko ya danne ciki. A gefen ƙofar baya kuma akwai wani ɗan maɓalli, in an tura shi ƙofar ba ta buɗuwa daga ciki. Da yawa sun shekara da mota ba su san da shi ba.

Masu shiga motar haya a tasha, su ma kada su ga kamar maganar ba ta shafe su ba. Uwa da yara uku a kujera ɗaya don a rage kuɗin mota, tun daga Abuja har Kano, kusan kilomita 400, wahala ce ko da an sauka lafiya. In da hali a biya wa yara kujerarsu.

Sai zafi. An tsaya a Tafa ko Kwanar Dangora don yin salla, ƙaramin yana barci, sai a ce a bar shi kada a tashe shi, ai yanzu za a dawo. A kashe mota, a rufe gilashi, a kulle saboda ɓarayi. Cikin minti goma zafin cikin motar yakan ƙaru da kusan digiri 10, kuma jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba ninki uku zuwa biyar. Ɗan sassauta gilashi ba ya hana komai, inuwar bishiya kuma tana gusawa. Alwala, layin banɗaki, salla, cinikin tsire: minti ashirin sun wuce ba a ankara ba. A ɗauke shi a kafaɗa, ko da zai farka ya yi rigima. Haka nan in an isa gida ana ta oyoyo da sauke kaya, a ƙirga yara kafin a kulle mota.

Yaro ba ya cika cewa yana jin ƙishirwa sai abu ya yi nisa, wasu iyayen ma da gangan suke rage masa ruwa don kada ya riƙa neman fitsari. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Jaririn da bai cika wata shida ba nono ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Alamomin da za a kula da su: leɓe ya bushe, kuka babu hawaye, fitsari ya ragu ya yi ja, maɗigar jariri ta lotsa. In gudawa ta kama yaro a hanya, wanda yakan biyo bayan abincin bakin titi, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Na leda da ake sayarwa a kemis ya fi, a saya tun a gida. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yaron da jikinsa ya yi zafi rau, ya yi laushi, ya fara sambatu ko jijjiga, a cire masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa, a nufi asibiti mafi kusa. Kada a ce bari dai mu ƙarasa gida. Bazara lokacin sanƙarau ne ma.

Akwai kuma ɗabi'ar ɗura wa yara maganin mura mai sa barci don a samu sararawa. Magani ne da ke iya danne numfashin ƙaramin yaro, kuma yana ɓoye alamar da za ta nuna zafi ya fara galabaitar da shi, sai a ɗauka barci yake.

Ita ma motar tana jin bazara. Kwalta mai zafi, lodi ya yi yawa, taya ta gwanjo: haka ake samun fashewar taya ana tsaka da gudu. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019, kuma kyawun zanenta ba ya mayar da ita sabuwa. A kai wa mai faci ya auna iska da safe kafin tayoyin su ɗau zafi, har da safaya.

A tashi da an idar da sallar asuba, a ci rabin hanya kafin rana ta take. A tsaya duk bayan awa biyu yara su miƙe ƙafa, direba ya wartsake, a kuma sauke su ta ƙofar da ba ta kallon titi. Iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu kilomita 100 ne a awa. Tafiyar dare da yara, da ramuka da manyan motoci marasa fitila da halin tsaron da ake ciki, gara a kwana a hanya. Lambar kiran gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. A sa su a wayar maigida da ta uwargida tun kafin a fita daga gida.