Yadda ake tare saƙon taga a Windows ba tare da manhaja ta faɗi ba

A Windows, maɓalli da akwatin rubutu kowannensu taga ne mai zaman kansa, kuma kowace taga tana da mai karɓar saƙonta, wato WndProc. Ka danna harafi ko ka motsa linzami, wurinsa saƙon yake zuwa, kamar yadda Android ke sanar da manhaja cewa ka taɓa allon wayarka.

A ce mai shagon POS a Gaya ya ba ka aikin manhajar ajiye lissafi, yana son akwatin lambar waya ya karɓi lambobi 11 kawai, masu farawa da 0. Ba sai ka ƙirƙiri sabon akwati ba. Sai ka sa naka mai karɓar saƙon a gaban na asali, ya duba saƙon WM_CHAR, ya tare abin da bai dace ba, ya miƙa sauran. Ka duba WM_PASTE ma, don ana iya kwafo lambar a manna.

A tsohuwar hanya ana kiran SetWindowLongPtr da GWLP_WNDPROC, a ajiye adireshin na asali, a riƙa miƙa masa saƙo ta CallWindowProc. Matsala tana zuwa ne idan masu tarewa sun zama biyu. Na farko ya shiga, na biyu ya hau kansa. Idan na farko ya riga fita, ya maido da adireshin asali, ya yanke na biyu daga layi. Daga baya na biyu zai maido da adireshin na farko, wanda wataƙila an riga an sauke shi daga ma'ajiya. Nan take manhaja ta faɗi, abin da mai shago bai adana ba ya salwanta.

Maganin shi ne SetWindowSubclass, da ke cikin comctl32.dll, wanda ake aiki da shi tun zamanin Windows XP na 2001. Shi yake riƙe layin da kansa, kowa ya fita lokacin da ya ga dama. Ka kiyaye abubuwa uku:

1. Duk saƙon da ba naka ba, miƙa shi ga DefSubclassProc.
2. Idan WM_NCDESTROY ya iso, wanda shi ne saƙon ƙarshe a rayuwar taga, kira RemoveWindowSubclass, sannan ka saki bayanan da ka riƙe.
3. Ka yi tarewar daga zaren aikin da ya ƙirƙiri tagar, domin ba ta aiki daga wani zaren.

Kafin ka miƙa aikin, buɗe tagar ka rufe sau da yawa, ka tabbatar ba ta faɗuwa.