Ekografin zuciya da makomar mai gubar jini

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙofar ɗakin reyanimasiyo ya san tambayar da dangi ke tare likita da ita: shin zai tashi? Tambayar ta fi nauyi in gubar jini ce ta kai matuƙa, abin da likitoci ke kira shok septik. Ƙwayoyin cuta ke shiga ta huhu, ko ta hanjin da ya huje, ko ta mahaifa bayan haihuwa, sai jiki ya tashi yaƙarsu fiye da kima har ya cuci kansa: jijiyoyin jini su saki, tansiyo ya faɗi, ƙoda ta daina aiki. Bisa ma'anar da masana suka tsaida a 2016, fiye da 40 cikin 100 na waɗanda suka kai wannan matsayi suna rasuwa. An ƙiyasta cewa a 2017 gubar jini ta ci rai miliyan 11 a duniya.

Ekografi kuwa mata masu ciki sun riga mu saninsa. Na'urar ɗaya ce, kanta kawai ake sakewa a aza shi tsakanin haƙarƙari, sai zuciya ta fito a allo tana bugawa, babu allura babu yanka. Abin da aka fara aunawa shi ne yawan jinin da ɗakin hagu na zuciya ke turawa a kowane bugu. Ga mai lafiya, kamar kashi 55 zuwa 70 ne na abin da ke ciki.

Hankali zai ce wanda awonsa ya faɗi shi ne na tafiya. Ashe ba haka ba. Tun a 1984, a Amurka, likita Margaret Parker da abokan aikinta suka bi majinyata 20 da wata hanyar ɗaukar hoto ta daban. Goma da aka samu zuciyarsu ta yi rauni ta buɗe, dukansu sun tashi, kuma cikin kwana goma zuciyar ta koma daidai. Bakwai da suka rasu, awonsu bai faɗi haka ba. Binciken ƙarami ne, amma waɗanda suka biyo baya da ekografi sun nuna cewa raunin matsawa shi kaɗai ba ya faɗin wanda zai mutu.

Masu lambu za su fi kowa gane dalili. Injin ban ruwa, in tiyonsa ya ɓalle, sai ka ji yana gudu da ƙarfi, alhali ruwa ba ya kai wa ga shuka. Haka zuciyar da jijiyoyi suka sakar mata: tana matsawa fiye da kashi 70, a allo sai ka ce ta ɗan kokuwa, amma mai ita yana cikin babban hatsari.

Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne yadda zuciya ke saki tsakanin bugu da bugu don ta cika da jini. A 2012 Giora Landesberg ya fitar da sakamakon majinyata 262 a birnin Ƙudus: waɗanda zuciyarsu ta ƙage, ba ta saki da kyau, su suka fi mutuwa. Raunin ɗakin dama, mai tura jini zuwa huhu, shi ma mugunyar alama ce.

A ganinmu, amfanin awon bai tsaya ga duba makoma ba, yana ga maganar ruwan sarum. Dangi kan ji daɗi in sun ga ana ta rataya leda bayan leda, amma ƙagaggiyar zuciya ba ta da wurin zuba shi, sai ya taru a huhu. A 2011 wani bincike kan yara fiye da 3000 a Kenya da Uganda da Tanzaniya ya nuna waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. A Lusaka ta Zambiya, a 2017, an ga irin haka ga manya: 48 cikin 100 a inda aka yawaita ruwa, 33 a inda aka bi yadda aka saba. Ekografi yana taimaka wa likita ya rarrabe mai bukatar ruwa da mai bukatar maganin ɗaure jijiyoyi, da wanda zuciyarsa ce ke neman tallafi.

Sai dai hoto ba ya kashe ƙwayar cuta. Maganin antibiyotik cikin awar farko yana nan a matsayinsa. Kuma awo ɗaya ba ya isa. Antoine Vieillard-Baron, a asibitin Ambroise Paré kusa da Paris, ya bi majinyata 67 a binciken da ya fito a 2008: 26 ne zuciyarsu ta nuna rauni ranar shiga, wasu 14 kuma sai bayan kwana ɗaya ko biyu, da magani ya ɗaure jijiyoyi, raunin da ke ɓoye ya bayyana.